Gindin Lemu Da Cutar Baƙin Ciki

Tarihinmu na wannan mako a gindin bishiyar lemu yake.

Lemu ɗan aure bishiya biyu ce a jiki ɗaya: reshen da ke 'ya'ya daban, gindin da ke ɗauke da shi daban. A ƙarni na 19 cutar ruɓar gindi ta addabi gonakin lemu a ƙasashen Bahar Rum. Da aka lura lemu mai ɗaci yana jure mata, sai manoma a ƙasashe da dama suka koma aura lemun zaƙi a kansa.

Wajen 1930 itatuwan suka fara bushewa a Ajantina, a 1937 abin ya bayyana a Burazil. Miliyoyi suka mutu, aka sa wa cutar suna tiristeza, wato baƙin ciki. A 1946 wani masani ɗan Burazil, Meneghini, ya nuna ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ne ke yaɗa ta. Ƙwayar bairas ce mai lalata mahaɗar aure, abincin da ganye ya haɗa ya kasa sauka, saiwa ta mutu da yunwa. Amma lemun zaƙi da ke kan wani gindin yakan ɗauki cutar ya rayu.

Yammacin Afirka ma bai tsira ba. A Ghana lemun tsami ya riƙa mutuwa a yankin Kef Kos, har Hughes da Lister suka bayyana a 1949 cewa bairas ce. Aka koma aura shi a kan babban lemun tsami mai kaushin ɓawo.

Burazil kuwa ta rungumi gindin Rangpur, ta sake dogara da iri ɗaya. A 1999 wata sabuwar cuta ta fara kashe itatuwan da ke kansa.

Wannan ya shafe mu. Mai lambu a Kamba ko Bagudo da ya sayi dashe, na gida ne ko na tsallaken iyakar Benin, shekaru zai yi yana ban ruwa kafin ya ga amfani. Mukan tambayi zaƙin lemun, ba kasafai muke tambayar gindin da aka aura shi a kai ba. Idan za mu yi rubutu a kan lambu, mu je wurin masu renon dashe mu yi musu wannan tambayar, mu kawo amsar a wannan zaure.