Yadda Python Ya Daɗe Yana Tuntuɓe da Ɗ da Ƙ

A 1991, sa'ad da Guido van Rossum ya fitar da harshen shirya manhaja na Python a ƙasar Holan, jadawalin haruffan da kwamfuta ta fi sani shi ne ASCII mai gurbi 128, wanda bai san da ɓ, ɗ ko ƙ ba. Python 2.0 na shekarar 2000 ya shigo da Unicode, amma a matsayin zaɓi. Sai a Disamban 2008 masu kula da harshen suka yanke hukunci mai tsada: a Python 3, duk rubutu Unicode ne. Tsofaffin manhajoji suka daina aiki, jama'a suka yi ta jan ƙafa, ba a yi sallama da Python 2 ba sai farkon 2020.

Amma an bar baya da ƙura. Wajen adana fayil, Python yana bin al'adar babbar manhajar da ya tarar, don gudun rikita fayilolin da mutane suka riga suka mallaka. Linux da macOS suna amfani da UTF-8. Windows na Ingilishi kuwa cp1252 yake bi, babu ƙugiya ko ɗaya a cikinsa.

A ce wani a Gidan Katta ta Illela ya rubuta manhajar lissafin fatake. Sunan Ɗanjuma zai wuce lafiya a Linux, a Windows aikin ya cije. Rubutun da ya ƙetaro daga Birnin Konni ya fi shiga haɗari, domin Nijar tana rubuta ƴ inda Najeriya ke sa 'y.

An amince UTF-8 ya zama ƙa'ida a ko'ina daga Python 3.15, gyaran da a ganina ya makara ƙwarai.