Ƙarin cajin masu cike takardun haraji a kan tallafin korona a Amurka

Tsakanin 2020 da 2021 gwamnatin Amurka ta raba wa jama'a tallafi sau uku domin rage raɗaɗin annobar korona: dala 1,200 ga kowane baligi ƙarƙashin dokar CARES ta Maris 2020, dala 600 a ƙarshen Disamban shekarar, sai dala 1,400 a Maris 2021. A dokance, kuɗin rangwamen haraji ne da aka biya tun kafin lokacinsa, bisa bayanan shekarun baya. Saboda haka wanda bai samu ba, ko aka ba shi ƙasa da haƙƙinsa, kamar iyalin da suka yi haihuwa ko wanda samunsa ya ragu, sai ya nemi cikon a layi na 30 na fom 1040.

A kan wannan layi ne waɗansu masu cike takardun haraji suka ɗora caji na daban, ban da ladan aikin da aka saba. Hujjarsu ita ce mutane da yawa sun manta nawa aka turo musu, don haka sai an bi takardun banki da wasiƙun hukumar haraji ta IRS, irin su sanarwa mai lamba 1444 da wasiƙa 6475. Idan adadin ya saɓa wa na hukumar, takan gyara da kanta, biyan kuɗin ya jinkirta, mai takarda kuma ya dawo da ƙorafi. Hukumar ta aika miliyoyin irin waɗannan wasiƙun gyara a 2021.

Masu suka kuwa na cewa manhajar kwamfuta ce ke yin lissafin, kuma nauyin ya fi faɗawa kan marasa galihu, waɗanda da yawansu ba su da wajibcin cike takarda, neman tallafin kaɗai ya kai su.

Babu dokar tarayya da ta ƙayyade farashin wannan aiki. An dai wajabta wa mai yin sa don kuɗi ya mallaki lambar shaida ta PTIN, ya kuma sa hannu a takardar. A 2014, a shari'ar Loving, kotun ɗaukaka ƙara ta hana IRS tilasta musu jarrabawa da lasisi. Hukumar takan gargaɗi jama'a su guji wanda ke yanke ladansa daga kason abin da za a mayar musu, tana nuni da shirye-shiryen kyauta irin su VITA da Free File.

Wa'adin neman cikon 2020 ya ƙare ranar 17 ga Mayun 2024, na 2021 kuma ranar 15 ga Afrilun 2025. A Disamban 2024 hukumar ta sanar da biyan kusan mutum miliyan ɗaya kimanin dala biliyan 2.4 kai tsaye, bayan ta gano daga bayananta cewa sun cancanci cikon amma ba su nema ba.