Ramin Wane Ne? Daga Fim ɗin Kaboyi Zuwa Zinaren Yawuri

Dattawan da suka yi zamanin silima sun san fim ɗin kaboyi da hula mai faɗin baki da ƙurar dawaki. Amma akwai guda da rigimarsa ba ta shanu ba ce, ta rami ce. Sunansa The Spoilers, ya fito a 1942. John Wayne ne mai ramin zinare a garin Nome na Alaska, Randolph Scott kuwa kwamishinan zinare ne da ya haɗa baki da alƙali, suka ƙwace ramin da takardar kotu. Aka ƙare da dambe har ana farfasa tebura.

Labarin yana da tushe. A 1900 wani ɗan siyasa, Alexander McKenzie, da alƙali Arthur Noyes sun yi wa mahaƙan Nome wannan kura da fatar akuya: a tayar da ƙara kan rami, kotu ta damƙa wa McKenzie riƙonsa, shi kuma ya yi ta kwasa kafin a yanke hukunci. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta ɗaure shi, alƙalin ya rasa kujerarsa.

Lokacin da ake ɗaukar fim ɗin, mu ma muna ƙarshen namu zazzaɓin zinaren. Tun 1913 Turawa suka fara lissafin zinaren Nijeriya, a shekarun 1930 kuwa haƙa ya kai ƙololuwa, daga Minna da Birnin Gwari har ƙasar Yawuri, wadda a lokacin take Lardin Sakkwato. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka watse, aka bar ramuka a daji. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Sarautar Ingila ne. Bayan 'yanci aka sauya mai shi kawai: tsarin mulkin 1999 da dokar 2007 sun miƙa wa Gwamnatin Tarayya. Gona taka ce, abin da ke ƙasanta ba naka ba ne, lasisi kuma na wanda ya riga kai takardarsa Abuja ne.

A nan gizo ke saƙar. Saurayi ya yi wata biyu da diga da shebur, fitila ɗaure a goshi, yana daka dutse, yana jujjuya kwano a ruwa har ƙyalli ya kwanta a gindi. Ran da rami ya fara bayarwa, sai ga baƙo da takarda mai hatimi. Mai gona na cewa gadonsa ne, wanda ya ciyar da mahaƙa na neman kasonsa, mai bindiga kuma ba ya tambayar kowa.

Maƙwabta a Zamfara sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2010 gubar dalma daga dutsen da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a Zamfara saboda 'yan bindiga. Kebbi, inda Yawuri take, wadda ta samu jiharta a 1991, ta gwada wata hanya: tana cikin jihohi biyu, tare da Osun, da aka fara shirin PAGMI na yi wa ƙananan mahaƙa rajista, kuma a Yulin 2020 aka nuna wa Shugaba Buhari zinare mai nauyin kilo 12.5 da Babban Banki ya saya. Duk da haka, a 2023 gwamnatin Birnin Kebbi ta dakatar da haƙa a faɗin jihar.

Abin mamaki, darasin yana Argungu. Tun 1934, cikin shekarun zazzaɓin zinaren nan, ranar bikin kamun kifi dubban masunta ke jeruwa a bakin kogin Matan Fada da homa da gora, idonsu na kan ruwa, amma babu mai tsoma ƙafa sai an ba da izini. Ba takarda ke riƙe su ba. Sun san Sarkin Ruwa, shi ma ya san su, kuma kifin da kowa ya kama a gaban jama'a ake auna shi. Ramin zinare har yau bai samu nasa Sarkin Ruwan ba.