Mataimakan alƙali kan al'ada a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Mataimakan alƙali kan al'ada mutane ne da gwamnatin Nijar ke naɗawa domin su zauna tare da alƙali idan ƙarar da ke gabansa ta shafi aure, saki, gado, kyauta ko gonar da ba ta da takardar mallaka. A irin wannan shari'a dokar ƙasa ta ce a bi al'adar masu ƙara, alƙalin kuwa dokokin boko ya karanta, sau da yawa ma ba ɗan yankin ba ne. Saboda haka ake zaunar masa da mutum biyu da suka san al'adar. Shawara suke bayarwa, hukunci na alƙali ne. Tsarin ya samo asali daga zamanin mulkin Faransa, dokokin tsarin kotuna na 1962, 2004 da 2018 kuma suka ci gaba da shi.

A gundumomin Agiye, Gazawa (wadda aka cire daga Agiye a 2011) da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, galibin mataimakan malamai ne, don haka abin da ake kira al'ada a kotu yakan zama fiƙihun Malikiyya, musamman wajen rabon gado.

Rigima ba ta cika farawa daga kotu ba. Mai gari ko sarki, irin Sarkin Gobir na Tsibiri, yana da ikon sasanta mutane kan gona, burtali da ɓarnar dabbobi, a rubuta takardar sulhu. Rigimar da ta gagari fada ita ce ke isa gaban alƙali da mataimakansa.