Daga Gonakinmu Zuwa Bakin Teku: Waiwaye Kan Dogo da Hanyar Gwarzo

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. Mu mutanen Gwarzo da Kabo ba mu da teku, kuma dogo bai taɓa ratsa ƙasarmu ba, amma fiye da shekara ɗari ke nan arzikin manominmu yana ɗaure da tashar jiragen ruwa ta Apapa da kuma layin dogon da ya haɗa ta da birnin Kano. Don haka ya dace mu san yadda wannan igiya ta ƙullu, da yadda ta saki.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Turawa sun shimfiɗa shi ne da fatan samun auduga domin masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi tsoka, suka raja'a a kanta. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu ƙauyuka suna saye. Daga kasuwanni irin su Getso da Garo, da jakai da raƙuma aka fara kai gyaɗa fuloti, kafin akori-kura ta karɓi aikin a kan hanyar burji. Can Ikko kuwa, a shekarun 1920 aka gina matsayar manyan jiragen ruwa a Apapa, inda taragon da ya taso daga Kano yake sauke kayansa a gefen jirgi.

Akwai abin da ba kasafai ake faɗa ba game da dalar gyaɗa. Muna alfahari da ita, kuma ta cancanci haka, amma wani ɓangare na dalilin tsayuwarta shi ne gazawar dogo. Layin ƙwaya ɗaya ne, siriri, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, kuma tafiyar ta haura kilomita 1,000. Taragai ba sa iya kwashe amfanin shekara kafin wata kaka ta zagayo, sai a jibge buhuna ana jira. Ke nan tun ana ganiyar ciniki hanyar ta yi wa nomanmu kaɗan.

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, sai dai ba a sake fasalin layin ba. Da farin 1973 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ga kuma kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sai dala ta ɓace, dogo ya rasa babban kayansa. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka koma dogaro da tirela. Nauyin da aka yi wa ƙarfe sai ya koma kan kwalta, ita kuwa ba ta jure ba. Ko da aka buɗe tashar Tin Can a 1977, titi aka bar wa jigilar kayanta, har ta kai motoci na shafe kwanaki a layi kafin su shiga Apapa. Kowace rana ta wannan jira kuɗi ce, kuma a kan buhun taki da injin ban-ruwa da muke saye ake fanshe ta.

A 'yan shekarun nan an ga motsi. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar tagwaita hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi. A 2021 aka aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Kaduna, da kuma na Kano zuwa Maraɗi. A Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, domin a riƙa tantance kwantena a nan gida maimakon Legas.

To amma babu ɗaya daga cikin sababbin layukan da zai bi ta Gwarzo ko Kabo. Kamar yadda yake a zamanin kakanninmu, rabonmu ya rataya ne a kan titin da zai kai mu tasha. Saboda haka wajibi ne wannan ƙungiya ta sa ido a kan hanyar Kano zuwa Dayi, ta riƙa tuntuɓar wakilanmu kan ingancinta da kula da ita, sannan ta matsa wa ƙananan hukumominmu biyu su gyara hanyoyin karkara da kwalbatocin da damina ke cinyewa. Haka nan mu ƙarfafa wa manoma gwiwa su haɗu cikin ƙungiyoyin gama-kai, domin mai buhu biyar ba ya cika kwantena, amma mutum ɗari za su cika.

Iyayenmu sun kai gyaɗa Kano a bayan jaki, suka gina dala. Bai kamata masara da waken suya da tumatirin 'ya'yansu su lalace a gona don rashin hanya ba. Allah Ya yi mana jagora, amin.