Tambayar da ba ta neman amsa a harshen Koriya

Harshen Koriya, wanda mutane kimanin miliyan 80 ke magana da shi, yana da wani abu da kan rikita masu koyonsa: kalmomin tambaya ba kullum suke neman amsa ba.

Manyan kalmomin, kamar yadda ake furta su, su ne "nugu" (wa), "mwo" (me), "odi" (ina), "onje" (yaushe) da kuma "we" (don me).

Musu da kawaici

Idan aka zargi mutum da furta wata magana, sai ya ce "Nega onje?", wato "Ni, yaushe?" Ba lokaci yake tambaya ba, musanta zargin yake yi baki ɗaya.

Haka nan "Nuga ara?", wato "Wa ya sani?", na nufin babu wanda ya sani. Wanda kuma yake ganin an yi masa rashin adalci yakan ce "Kuron ge odi isso?", ma'ana "Ina aka taɓa ganin haka?"

Sai dai ba a wajen jayayya kaɗai ake amfani da su ba. Idan aka gode wa mutum, yakan amsa da "Mwolyo", wanda ya samo asali daga kalmar "me", amma abin nufi shi ne "ba komai".

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan salo, domin shi ma da "Ina!" yake kore magana.

Muhimmancin karin murya

Kalmomin kan kuma ɗauki ma'anar "wani" ko "wani abu". Jimlar "Nuga wassoyo" na iya zama "Wa ya zo?" ko "Wani ya zo", kuma karin murya da yanayin zance ne ke bambance su.

A karin harshen yankin Gyeongsang, inda biranen Busan da Daegu suke, ƙarshen aikatau ne ke warware matsalar: "-no" ga tambaya mai neman bayani, "-na" ga mai neman i ko a'a.

Akwai kuma batun ladabi. Ɗafin "-yo" alama ce ta girmamawa, don haka yaron da ya ce wa babba "Nega onje?" ya haɗa musu da rashin kunya.