Gato a Tukunyar Yashi: Tarihin Kek Ɗin Ranar Haihuwa

A Yamai da Maraɗi da Damagaram gato muke ce masa, 'yan'uwanmu na Kumasi da Kano kuwa kek suke cewa. Duka sunayen biyu na aro ne, ɗaya daga Faransanci, ɗaya daga Ingilishi, wannan kaɗai ya isa shaida cewa baƙo ne. Bahaushen da bai san bikin zagayowar ranar haihuwa ba. Ranar suna ya sani, shekarunsa kuwa da fari ko yunwa ko naɗin sarki yake lissafa su. To, daga ina baƙon ya taso?

Masana tarihin abinci sun fi danganta al'adar da ƙasar Jamus. A shekarar 1746, a wani wuri da ake kira Marienborn, an yi wa wani basarake mai suna Zinzendorf bikin ranar haihuwarsa. Wani da ya ga bikin ya rubuta cewa an kawo ƙaton kek, aka hudda shi, aka soka kyandir daidai yawan shekarun mutumin. A wancan zamani sai masu hali ke cin kek, domin sukari na da tsada, kuma sai an sha wahalar kaɗa ƙwai da hannu kafin kwaɓi ya tashi.

Abu biyu suka sauko da shi gidan talaka a ƙarni na 19. Na farko arahar sukari, bayan Turawa sun koyi tatso shi daga wata saiwa da ke yi a ƙasashen sanyi, ba daga rake kaɗai ba. Na biyu hodar da ke tayar da kwaɓi. A 1843 wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham na Ingila, Alfred Bird, ya haɗa irin wannan hoda saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis. A 1893 kuma August Oetker, a garin Bielefeld na Jamus, ya fara sayar da ita a ƙananan ƙunshi, kowanne daidai rabin kilo na fulawa. Daga nan uwar gida ta iya toya wa ɗanta kek ba tare da fargabar zai kwanta ba.

Sai dai sauƙin da ya shigo da shi ɗakin girki, shi ne ya soma fitar da shi. A shekarun 1930 kamfanin Duff na Pittsburgh a Amurka ya fito da haɗaɗɗen garin kek, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma General Mills da Pillsbury suka cika kasuwa da nasu. Sannu a hankali da yawa suka daina awo da kwaɓi, wasu ma suka koma sayen gasasshe a kanti. Sai a 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, aka ga fulawa da yis sun yi ƙaranci a kantunan Ingila da Amurka, domin jama'a sun tuna suna da hannu.

Mu kuwa, da baƙon ya iso ta hannun 'yan mulkin mallaka, bai tarar da iyayenmu mata hannu rabbana ba. Alkama ta daɗe a fadamunmu da lambunan Abzin, sunanta ma daga Larabci ya zo, haka alkaki da gireba. Matar da ta iya alkaki da dubulan na garar amarya, kek ba zai gagare ta ba. Tanderun Bature ne babu, sai ta yi dabara: ta zuba yashi mai tsabta a gindin tukunya, ta ɗora a gawayi ya yi zafi, ta shafa wa gwangwanayen madara mai, ta zuba kwaɓi, ta jera su a kan yashin, ta rufe, ta ɗora garwashi a murfi. Yashin ke raba zafi don kada ƙasan ya ƙone. In ta soka tsinke ya fito a bushe, ya nuna.

Yau a biranenmu waya ake bugawa, a kawo gato mai hawa biyu da sunan yaro a kai. Ba laifi ba ne, sana'ar 'yan'uwanmu mata ce, da ita wasu ke ciyar da gida. Abin tsoron shi ne yarinya ta girma tana zaton kek a kwali ake haifarsa, dabarar kakarta kuma ta bi kakar kabari.

Saboda haka, mai karatu, in ranar ɗanki ta zagayo, ki jarraba ko sau ɗaya. Ki kira shi ya fasa ƙwai, 'yar'uwarsa ta riƙe muciya, su jira a bakin murhu har ƙamshi ya cika tsakar gida. Ko gefe ɗaya ya ɗan ƙone, ki yanka ki ba su.